Fim Ɗin Maigidana da na Yayana

Ban taɓa shiga sinima ba. A gidanmu, lokacin da muke tasowa, yarinyar da aka gani a bakin sinima ta gama zubar wa iyayenta mutunci, ko da rake ta je saya. Amma akwai fina-finan leƙen asiri guda biyu da na haddace daga farko har ƙarshe ba tare da na taɓa ɗora ido a kansu ba, kuma mutum biyu ne suka ɗura mini su a kunne: maigidana da yayana.

Abokai ne tun suna firamare, ta hanyar Yaya ma maigidana ya san ni har aka kai ga aure. Maigidana ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, muna zaune a Malali. Yaya kuwa karatunsa bai yi nisa ba, ya kama sayar da kayan famfo, gidansa yana can Rigasa. Duk Asabar in an sauko daga sallar Azahar zai taho, ya cire takalmi a ƙofar falo, kafin ya gama amsa gaisuwata ya ce, "Ƙanwata, yau me aka dafa?" In sun ci sun ƙoshi, sun taɓa siyasa, sun yi tsaki a kan wutar lantarki, sai hira ta gangaro kan fim. Ba a taɓa fashi ba. Shekara talatin da wani abu ina kwashe kwanuka a cikin wannan gardama.

Kowannensu yana da nasa, wanda ya kalla suna samari a wata sinima marar rufi da ke cikin gari, wadda yanzu ma an rushe ta an yi shaguna. Sunayen fina-finan na Turanci ne, kuma yadda Yaya yake furta nasa yau daban, mako mai zuwa daban, saboda haka yarana suka huta, suka raɗa musu "na Abba" da "na Kawu".

Na Yaya na jirgin ƙasa ne. A faɗarsa, jarumin dattijo ne mai kamun kai, ba ya shan giya, ba ya kula mata. "Kamar malamin zaure," in ji shi. Ana cikin tafiya a wata ƙasa mai ƙanƙara sai maƙiya suka rutsa shi, ya fita ta taga ya hau rufin jirgi, ya yi ta watso su ƙasa ɗaya bayan ɗaya jirgin yana gudu. In Yaya ya zo nan ba ya iya zama. Miƙewa yake yi, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya ware ƙafafu a tsakiyar falona yana tangaɗi, wai jirgi ne yake girgiza shi.

Na maigidana kuwa a wani gari ne na bakin teku, a ƙasar baƙar fata. Abin da yake tinƙaho da shi biyu ne. Na farko, jarumin yana da amini, baƙin mutum, direbansa, Musulmi mai salla.

"Kuma Hausa ya yi," haka maigidana zai ce yana buga hannun kujera. "Da kunnena na ji. A fim ɗin Turawa, Hausa tsantsa! Ranar nan sinima kamar za ta tsage don ihu."

Da aka harbi direban, in ji shi, jarumin ya goya shi a baya cikin ruwan harsashi, ya kai shi gindin wata bishiya, ya haƙa masa kabari da hannunsa yana hawaye. Sau da yawa in maigidana ya zo wajen kabarin nan muryarsa takan canza, ni ma in ji idona ya kawo ruwa, a kan mutumin da ban taɓa gani ba.

Na biyun ya shafe ni. Akwai wata yarinya mai aiki a otal ɗin da jarumin ya sauka. Da zai tafi aikin da ba shi da tabbacin dawowa, sai ya cire agogonsa ya ɗaura mata, ya ce duk inda ya je lokacinsa yana hannunta. To, lokacin da maigidana yake nemana, an tura shi kwas kudu na wasu watanni. Ranar da ya zo sallama, a zauren gidanmu, ya cire agogonsa ya miƙo mini, ya ce, "Riƙe mini wannan. Duk inda na je, lokacina yana hannunki." Ranar kasa cin tuwo na yi. Sai bayan aure ya faɗa mini cewa a fim ya ɗauko maganar. Ban ji haushi ba. Daɗi ma na ji, wai an yi mini irin abin da jarumi ya yi wa masoyiyarsa. Agogon ya daɗe da mutuwa, amma yana cikin ƙaramar kwallar da nake ajiye 'yan kunnena.

Gardamar tasu ba ta da wani tsari. Yaya zai ce, "Naka ai na soyayya ne, na mata. Wane ɗan leƙen asiri ne zai tsaya yana kuka a gindin bishiya?" Maigidana ya ce, "Kai ka san leƙen asiri ne? Naka dambe ne kawai, ka je gidan dambe mana ka huta." Daga nan sai a tono wanda ya fi wani Turanci, da wanda barci ya ɗauke a benci, da wanda aka taɓa kora don ya hau katanga. Ni dai a zuciyata ina bayan mijina, ko da yake ban taɓa faɗa ba.

Bara ne autata ta dawo daga bautar ƙasa, tana gida tana jiran aiki. Wata Asabar gardamar ta yi zafi har Yaya, yana kan rufin jirginsa, ya shure jug ɗin zoɓo ya malale a kan sabon kafet ɗina. Ina durƙushe ina gogewa, babu wanda ya ce mini sannu a cikinsu, sai auta ta ɗago daga wayarta ta ce, "Abba, Kawu, ai duk waɗannan tsofaffin fina-finan ana samunsu yanzu. Ku bari in nemo su mu kalla, a huta."

Ban taɓa tunanin abin zai yiwu ba, su ma na ga alama ba su taɓa ba.

"Ba za ki samu ba," in ji Yaya. "Irin waɗannan an daina yin su."

"Kawu, ka dai gaya mini sunan."

Da ƙyar aka gano nasa. Sai da ta yi ta nuna masa hotuna har ya dangwala yatsa a kan fuskar wani Bature mai furfura ya ce, "Shi ne! Wallahi shi ne, ko a mafarki na gan shi zan gane shi." Na maigidana bai ba da wahala ba, shi ya riƙe sunan daidai, ya kuma tabbatar da hoton jarumin.

Makon nan kamar ana shirin biki. Maigidana ya sa aka duba batirin sola don kada wuta ta yanke ana tsakiyar kallo. Ya kira maƙwabcinmu ya ba shi labarin direba mai Hausa tun daga farko, ya gayyace shi, Allah ya taimake mu mutumin yana da ɗaurin aure a Zariya. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ɗoki ranar. Na yi dambun shinkafa da zogale, na soya kaji, har wanka na sake na sa atamfar da nake ji da ita. A raina yau zan ga yarinyar otal, in ga yadda aka ɗaura mata agogo.

Yaya ya iso da wuri. Aka ja labule, auta ta haɗa kwamfutarta da talabijin. An yarda a fara da na mai gida. Hoton ya fito tas, kamar jiya aka ɗauka, har gashin hannun jarumin ana gani. Akwai rubutun abin da suke faɗa a ƙasa, duk inda Turancin ya yi mini sauri auta tana fassara mini.

Ba a jima ba direban ya fito. Maigidana ya zabura ya nuna shi. "Ga mutumina nan!"

Na ƙura masa ido. Wani abu bai yi mini daidai ba, na kasa gane ko mene ne, sai da ya ɗaga hannu yana sara wa jarumin. Tafin hannunsa baƙi ne ƙirin, kamar bayan hannun. Na dubi nawa tafin, na sake dubansa. Sai na lura da bayan kunnensa, inda wata fata ja take leƙowa, da wuyan rigarsa da ya yi dabbare-dabbare. Bature ne. Bature ne aka shafe shi da wani baƙin abu kamar man goge takalmi, aka zana masa jan baki har kusan haɓa. Yana tafiya yana zare ido yana wage baki, in jarumin ya yi tari sai ya firgita ya yi tsalle.

Lomar dambun da ke bakina na rasa yadda zan yi da ita.

"Abba," in ji auta a hankali, "wannan ai fenti ne."

"Hasken talabijin ɗin ne. Ki rage shi."

Ba ta rage komai ba. Direban ya buɗe baki ya yi magana. Ba Hausa ba ce, ba kuma yaren kowa ba ne, wani gwalan-gwalan ne irin wanda yara suke yi in suna kwaikwayon mahaukaci. A ƙasa inda ake rubuta magana ma ba su wahalar da kansu ba, cewa kawai suka yi yana surutu da yarensu.

"Ina Hausar?" in ji Yaya.

"Ka jira mana. Tana gaba."

Muka jira. Babu Hausa, babu salla. Abin da muka gani shi ne direban yana laɓewa yana shanye ragowar giyar da jarumin ya bari a kofi, an kama shi, yana birgima a ƙasa yana riƙe ƙafar ubangidansa. Mutum da furfurar ƙarya a kansa, amma "yaro" jarumin yake kiransa. A wani wurin ya gama cin kaza ya jefa masa ƙashin, shi kuma ya cafe yana murna. An shirya wurin ne don a yi dariya, har da ɗan kiɗan ban dariya aka sa. Na ture farantin kajin da ke gabana.

Sai aka zo harbin. Direban ya faɗi a gefen mota. Jarumin ya rugo, ya durƙusa a kansa. Maigidana ya matso bakin kujera. "Yanzu zai goya shi. Ku duba, yanzu."

Jarumin ya zura hannu a aljihun mutumin, ya zaro makullin mota. Ya dubi yatsunsa, ya goge su a rigar gawar, ya tsallake ta, ya shiga mota. Kafin ya ja ya faɗi wata magana yana murmushi.

"Me ya ce?" na tambayi auta.

Ta ce, "Wai ko ba komai yanzu zai samu shiru a motar."

Babu bishiya, babu kabari. Motar ta tashi ta bar shi kwance a rana, ba a sake ambatonsa ba har fim ya ƙare.

Yarinyar otal kuwa, haɗuwarsu ta farko mari ne. Ya tambaye ta ɗakin da wani baƙo yake, ta ce ba a ba ta izinin faɗa ba, ya kwaɗa mata mari har ta bugi bango, ya murɗe mata hannu sai da ta faɗa. Hoto na gaba sai ga ta tana kai masa shayi tana fari da ido, kamar marin ne ya sa ta kamu da sonsa. Abin da ya biyo baya auta ta yi sauri ta tsallake shi. Ni dai na ja mayafina na rufe rabin fuska. Ga yayana, ga 'yata, ga mijina, kuma ni ce na yi kwalliya na zauna kallon wannan ƙazanta.

Amma da aka zo wajen agogon, sai na sauke mayafin. Ga shi nan kuwa. Ya cire, ya ɗaura mata, ya faɗi maganar kusan yadda na san ta. Maigidana ya juyo ya dube ni, fuskarsa ta washe a karon farko tun da aka fara. Ko banza dai wannan ya tabbata.

Auta ce ta ɓata. Ba da gangan ba. Ta ce, "Umma, ai agogon nan ne ɗazu ya buɗe bayansa ya ga maƙiyan sun sa masa abin da suke bin sawunsa da shi."

Haka ne kuwa. Na ga wurin, ban dai haɗa ba. Ya san duk inda agogon yake can za su nufa. Muna kallo suka bi shi har ɗakin yarinyar, suka ɓalle ƙofa. Ba a nuna abin da suka yi mata ba, ihunta kawai aka jiyo, sannan aka daina ji. Shi kuwa yana cikin kwale-kwale ya yi nisa a ruwa. Ya kunna sigari, ya dubi hannunsa inda babu agogo, ya tambayi mai tuƙin ƙarfe nawa.

Ban san lokacin da na ce "Tir!" da ƙarfi ba.

Abin da ya fi fim ɗin tayar mini da zuciya shi ne Yaya. Dariya yake yi. Tun daga makullin mota ya fara, da aka zo kwale-kwale kuwa har ya zamo daga kujera yana tari, hawaye na zuba, yana nuna maigidana da ƙashin kaza. "Amininsa! Kabari da hannu! Ina Hausar, Alhaji? Ko gwalan-gwalan ɗin ce Hausar Malali?" An shafa wa mutum baƙin fenti an mai da launin fatarsa abin wasa, an yi amfani da 'yar mutane kamar tsumma, shi duk bai ga wannan ba. Abin da ya gani kawai ya ci gardama.

Maigidana kuma, maimakon ya yi shiru, sai ya ce, "An yanke shi."

"Abba, cikakke ne. Ga tsawonsa nan a rubuce."

"Na ce an yanke. Wanda aka kawo mana nan daban ne. Turawa suna da wanda suke kai wa Afirka, suna da wanda suke ajiye wa kansu. Ke yarinya ce, ba ki san mutanen nan ba."

"To fentin fa?"

"A namu ba fenti ba ne."

Na dube shi. Mutumin da ya yi shekaru yana shugabantar ofis, wanda in yaro ya yi masa musun abin da ido ya gani sai ya hana shi abincin rana, shi ne yake zaune yana gaya wa 'yarsa cewa abin da mu huɗu muka gani yanzun nan ba haka yake ba. Kiran sallar La'asar ne ya raba.

Da suka dawo daga masallaci Yaya yana ta fara'a, ya ce a sa nasa a ga fim na maza. Na so in tashi, amma na ce bari dai in ga ƙarshen abin.

Wasu Turawa ne a ɗaki suna magana suna shan sigari. Daga nan aka koma wani ɗakin, wasu Turawan suna magana suna shan sigari. Dattijon Yaya mai kamun kai, malamin zaure, kwalba ba ta rabuwa da aljihun kwat ɗinsa, har a shayi yake tsiyayawa. Aikin da aka ba shi shi ne ya kamo wani tsohon abokinsa da ya ɓuya. Yadda ya yi kuwa, ya je asibiti wajen matar abokin tana kwance ba ta da lafiya, ya zauna a bakin gadonta yana riƙe da hannunta yana yi mata sannu, har ta yarda da shi ta faɗa masa inda mijin yake. Aka je aka harbe shi a bakin ƙofa, ya fito da jakar kayan da zai kai mata.

Jirgin ƙasa sau ɗaya ya fito. Yana tsaye a tasha, dattijon ya zo ya sayi jarida, ya dubi jirgin, ya juya ya tafi. Ko matakalarsa bai taka ba.

Yaya bai ga wannan ba, domin tun kafin a kai rabi ya yi barci, baki buɗe, ɗan zogale maƙale a gemunsa. Maigidana ya ƙi a tashe shi sai da aka fara rubutun ƙarshe, sannan ya girgiza shi da ƙarfi. "Tashi, an iso tasha! Sauko daga rufin!" Yanzu kuma shi ne mai dariyar, irin dariyar da aka yi masa ɗazu, har da tafi. Matar da aka yaudara a gadon asibiti ba ta dame shi ba, kamar yadda yarinyar otal ba ta dami Yaya ba.

Yaya ya murtsuke ido ya ce ba wannan ba ne. Auta ta nuna masa hoton da ya dangwala wa yatsa ya rantse. Ya ce Turawa ai duk kamarsu ɗaya.

Bayan Magariba na ɗauka kunya za ta sa kowa ya kama gabansa. Ina kicin ina wanke-wanke, ƙofa a buɗe, sai na ji muryoyinsu sun sauko, sun koma irin ta mutanen da suka shirya. Yaya ne ya ce, "Ka san Allah, duk laifin mai bayanin nan ne."

"Shi ne kuwa," in ji maigidana. "Allah ya jiƙansa, ya iya tsara magana."

Na fito da kumfa a hannuna. "Wane mai bayani?"

Suka dubi juna. Ashe a sinimar nan akwai wani mutum da yake zama a bencin baya, samari su kewaye shi, ana fim yana ba da labarinsa da Hausa da babbar murya. Lasifikar gidan ta lalace, ba a jin komai sai ƙara, hoton kuma duk zane-zane ne da duhu, rabi ma kan mutanen gaba ya tare. Shi ne yake gaya musu wane ne wane, me aka ce, me ake nufi. In majigin ya tsinke ana gyara, ba ya tsayawa, ci gaba yake yi da labari a cikin duhu har a dawo. Kabarin gindin bishiya a nan aka haƙa shi. Damben rufin jirgi kuwa, da suka yi ta lalube, sai maigidana ya ce kamar a wani fim ɗin Indiya ne da aka nuna a makon.

"Shekara talatin," na ce, "ba wanda ya taɓa ambata mini mutumin nan a cikinku. Kai ka ce mini da kunnenka ka ji Hausa."

"To ai na ji," in ji maigidana. "Hausa aka yi."

Yaya ya ƙyalƙyale, shi ma ya taya shi. Kafin in koma kicin sun kama sabuwa: Yaya ya ce mai bayanin tsohon soja ne da ya yi yaƙi a ƙasar waje, maigidana ya ce kukun wani Bature ne a Unguwar Rimi. Da Yaya zai tafi ya leƙo ya ce in zuba masa ragowar dambun ya kai wa iyali. Na zuba, na miƙa masa ba tare da na dubi fuskarsa ba.

Washegari da safe na kai wa maigidana kunu, na juya zan fita, ya ce in zauna. Ya daɗe yana juya cokali.

"Maganar agogon nan ce take cin ki," ya ce.

Na ce ba ita kaɗai ba.

"Ni abin da aka gaya mini a bencin nan shi na ɗauka, shi na kawo miki. Ban san da wani abu a bayan agogo ba. Kuma ai na dawo."

Wannan gaskiya ne, na kuma faɗa masa gaskiya ne. Yaron da ya tsaya a zaurenmu ya miƙo mini agogo bai cuce ni ba. Na ce masa abin da ya tsaya mini a wuya shi ne jiya: ya ga an wulaƙanta baƙin mutum, ya ga abin da aka yi wa yarinyar, bai ce tir ba ko sau ɗaya, yana ta neman yadda zai kare fim ɗinsa, har da ƙaryata 'yarsa a kan abin da yake gaban idonta.

Can ya ce, "Fentin nan dai bai yi kyau ba." Na jira ko akwai saura. Ya kurɓi kunu, ya ƙara da cewa, "Amma kiɗan farkon fim ɗin, ki faɗi gaskiya, ya fi na yayanki."

Na ɗauki tire na fita.

Ana tsakiyar mako auta ta same ni ina tsintar shinkafa, waya a hannunta, ta rufe bakin wayar da tafinta. Kawunta ne. Wai sun yi magana da Abba, sun gano cewa ainihin fim ɗin da ya fi kowanne wani ne daban, na uku, wanda suka kalla tare. Ba su tuna sunansa ba, amma akwai gada a ciki, da wani mutum mai ido ɗaya, ko kuma mai hannu ɗaya. Yana so ta nemo kafin Asabar.

Na karɓi wayar. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da kasuwa, sannan na ce, "Yaya, a falona dai an gama. In ta samo, ka tafi da shi Rigasa, ka tara matarka da 'ya'yanka mata, ka zauna a tsakiyarsu ka kunna musu."

Na ji yana numfashi, ga ƙarar masu keke a bayansa, wani yana tambayarsa kuɗin kan famfo. Ya ce wa mutumin ya jira. Sannan ya ce, "A'a, ba sai an kai can ba. Bar shi kawai, ƙanwata."

Na miƙa wa auta wayarta, na ce ta goge guda biyun da ke cikin kwamfutarta. Ta ce tun ranar ta goge.